Wandon Ruwa Ba Babbar Riga Ba Ne

Sau biyu na karanta rubutun da wani ɗan'uwanmu ya yi a wannan mujalla, inda yake ba Hausawa mazauna Amurka da Kanada shawara kan kayan da za su tanada in suna son shiga sahun maharban agwagin daji. Akwai alheri a ciki. Bayaninsa a kan lasisi daidai ne, haka bayaninsa a kan kan sarkin nan na agwagwa da gwamnatin tarayyar Amurka ta wajabta tun 1934 ga duk maharbin da ya kai shekara 16, wanda yanzu ake sayarwa dala 25. Ya kuma kyauta da ya tuna wa mutane cewa tun 1991 an haramta harbin tsuntsayen ruwa da harsashin darma a faɗin ƙasar. Amma da ya iso kan wandon ruwa sai ya yi tuntuɓe, kuma irin tuntuɓen da ba shi zai faɗi ba. Mai karatunsa ne zai faɗi, a cikin ruwan da ke dab da zama ƙanƙara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wandon ruwa, wanda maharban can ke kira weda, wando ne da aka haɗe shi da takalmi, ruwa ba ya ratsa shi, yana tasowa daga tafin ƙafa har ƙirji, a rataya shi a kafaɗa da madauri biyu. Da shi ake kutsawa cikin fadama tun kafin ketowar alfijir, a baza agwagin roba a kan ruwa don yaudarar na gaske, sannan a laɓe cikin ciyawar kacalla ana jira, wani lokaci awa uku ko huɗu ruwa na iya cinya.

Ga hujjojin Malam, wato marubucin, yadda na fahimce su, kuma ba zan rage masa komai ba. Ya ce mai saye ya ƙara lamba biyu a kan lambar takalminsa, domin farautar agwagwa aikin hunturu ce, mutum na buƙatar wurin cusa safa biyu ko uku da wanduna a ciki, kuma iskar da ke tsakanin jiki da wando ita ke riƙe ɗumi, don haka yawan fili yawan ɗumi. Ya ce lambar takalmi kaɗai ta wadatar, sauran awon duk dabarar 'yan kasuwa ce. Ya ce kayan na da tsada, babba kuwa yana yi wa kowa: ƙane ya ara, baƙo ya sa, yaro ya girma a cikinsa. Sannan ya rufe da maganar da ta hana ni yin shiru, wai in mutum ya faɗa ruwa mai zurfi wando mai yalwa ya fi saurin tuɓuwa, saboda haka ma kada a ɗaura masa bel a ƙugu, bel tarko ne.

Na san inda wannan tunani ya samo asali, don ni ma a cikinsa na tashi. A wurinmu yalwar tufa mutunci ce. Uwa in ta kai wa tela yadin kayan Sallar yaro, cewa take ya sake masa, ya ga Sallar baɗi da su. Wannan hikima ce a ƙasar zafi, inda jiki ke son iska ta samu hanyar shiga. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda agwagin Turai ke sauka kowane hunturu, masunci na yini a ruwa da gajeren wando, abin tsoronsa tsargiya ce, ba sanyin da ke kashe mutum ba. Amma ruwan kogin Misisifi a watan Nuwamba wani abu ne dabam, kuma dokar tufafinsa dabam ce.

A wuri ɗaya ina tare da Malam ɗari bisa ɗari: matsattsen wando masifa ne. Takalmin da ya tsuke ƙafa yana tauye zagayawar jini, yatsu su sandare, ko da an rubuta a jikinsa cewa giram 1,600 na abin ɗumi aka shimfiɗa masa. Kuma dole a bar wurin ƙarin tufa, don yanayin can ba shi da alkawari. A jihar Minesota, inda nake zaune, har yau tsofaffin maharba na ba da labarin ranar 11 ga Nuwamba, 1940. Gari ya waye da ɗumi, mutane suka fita da kaya marasa nauyi suka bazu a tsibiran kogin, agwagi na zuwa garke-garke yadda ba a saba gani ba. Kafin yamma iska ta juya, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, igiyar ruwa ta hana ƙananan jirage komawa gaɓa. Mutum 49 suka rasu a jihar kaɗai, da dama daga cikinsu maharban agwagwa. Wanda ya san wannan labari ba zai ce wa kowa ya sayi wandon da ba ya ɗaukar rigar sanyi a ƙarƙashinsa ba. Sai dai tsakanin "kada ya matse" da "a ƙara lamba biyu" akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ne duk kuskuren yake.

Mu fara da iskar da ya dogara da ita. Malam, ka taɓa lura da abin da ke faruwa da wandon nan tun daga takun farko a cikin ruwa? Ruwa na danne shi ta kowace fuska, ya manne da ƙwauri da cinya, iskar da ke ciki ta gudu sama ta fice ta ƙirji. Da zarar ruwa ya kai ƙugu, filin nan da aka biya kuɗi aka saya ya tafi. Abin da ya rage shi ne yadi da ya yi yawa, ya tattare, ya yi ninki-ninki a gwiwa da idon sawu. To ina ɗumin? Iskar da ke ɗumama mutum ita ce wadda ta maƙale a cikin zaren tufa, kamar ulu, inda matsin ruwa ba ya iya korar ta gaba ɗaya. Sako-sakon fili ba ya riƙe komai a ƙarƙashin ruwa. Ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki ninki wajen 25 a kan yadda iska ke yi, don haka ba wurin gwaji da ka ba ne.

Wandunan ma iri biyu ne, kuma shawarar Malam ba ta dace da ko ɗaya ba. Akwai na niyofirin, robar nan mai laushi da aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1930, wadda ake yi da kaurin milimita 3.5 ko 5. Ɗuminta a jikinta yake, cikin ƙananan kumfan iska da aka kulle a cikin robar, kuma tana talewa, an yi ta ne don ta bi jiki. In ta yi yawa, sai nauyinta ya zama kaya, ga ƙirjin a buɗe kamar bakin buhu. Akwai kuma na yadi marar kauri, mai barin tururin gumi ya fita ba tare da ruwa ya shiga ba. Shi ba shi da ɗumin kansa sai in an yi masa shafi, ɗumin daga tufafin ciki yake zuwa. Masu yin sa sun san haka, shi ya sa tun wurin yanka suke barin wurin tufa. Wanda ya ƙara lamba biyu, ƙari ya yi a kan ƙarin da aka riga aka yi masa.

Sai ƙafa, inda abin ya fi tsanani. A lissafin takalmin Amurka, tsakanin lamba da lamba sulusin inci ne. Lamba biyu ke nan ta kai wajen milimita 17. A kan kwalta wannan ba wani abu ba ne, iyaka takalmi ya riƙa ɗan faɗuwa. A cikin taɓon fadama, wannan ɗan fili shi ne bambancin tsayuwa da kifewa. Taɓon tafkunan shinkafar daji na Minesota ba ya sakin abin da ya kama cikin sauƙi. In takalmi ya riƙe dunduniya, ka murɗa ƙafa ka ɗaga, sai su fito tare. In bai riƙe ba, ƙafa ce za ta zare ta hau cikin ƙafar wandon, takalmin ya zauna a ƙasa. Ga ka nan ƙafa ɗaya a maƙale, ɗaya ba ta da abin takawa, bindiga mai harsashi a hannu, gari bai waye ba.

Ba ji na yi ba, gani na yi. Wata shekara wani abokina ya kawo baƙonsa, ɗan garinsu da ya zo karatu, ya ara masa wandonsa. Mai wandon ƙato ne, baƙon kuwa siriri, tazarar ƙafarsu ta kai lamba uku. Ba mu yi taku hamsin daga jirgi ba taɓo ya kama takalminsa na dama. Ya ja, ƙafarsa ta fito, takalmin bai fito ba, ya tafi gaba ɗaya ya kife. Zurfin wurin bai wuce ƙugu ba, amma ruwa ya kwarara ta ƙirjin wandon da ke hangame, kafin mu ɗago shi ya cika har wuya. Mu biyu muka ja shi zuwa jirgi da ƙyar. Da muka isa mota bakinsa na rawa, ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa da yatsunsa. Allah Ya kiyaye, motar na kusa. Tun daga ranar ban ƙara yarda a ara wa kowa wandon da ba awonsa ba a tafiyar da nake ciki.

Safa uku ma da ake cika filin da su ba magani ba ne. Suna zamewa a kan juna, su tattare a ƙarƙashin tafin ƙafa, su jawo bororo. In na auduga ne kuwa sun fi muni, don auduga na shan gumi ta riƙe, ƙafa ta zauna cikin danshi. Siririyar safa ɗaya mai janye gumi, sai ta ulu mai kauri ɗaya a kanta, sun isa. Da su a ƙafa ake gwada takalmin. Yatsu su samu wurin motsi, dunduniya kuma kada ta riƙa tashi. Yawancin waɗannan takalma ba su da rabin lamba, saboda haka mai tara da rabi sai ya ɗauki goma. Wani kuma safarsa za ta sa ya haura lamba ɗaya. Ɗaya, in gwaji ya nuna haka. Ba biyu a makance ba.

Maganar cewa lambar takalmi kaɗai ta isa ita ce ta fi ba ni mamaki daga bakin Bahaushe. Wane tela ne a Kano ko Zinder zai tambaye ka lambar takalminka ya yanka maka kaftani? Ɗauki mutum biyu, dukansu lamba 10 suke sawa, wato wajen 43 zuwa 44 a lissafin da muka saba da shi a gida. Ɗaya dogo ne marar jiki, ɗaya gajere ne mai tumbi. Wando ɗaya zai yi musu? Ai saboda wannan ne masu yin wandunan suke fitar da lambar takalmi guda a yanka daban-daban: na matsakaici, na mai jiki, na dogo, na gajere. Mai tumbi ba babban takalmi yake buƙata ba, yankan masu jiki yake buƙata a lambar ƙafarsa. Shawarar Malam ta sa shi ya biya buƙatar cikinsa da lafiyar ƙafarsa.

Awo uku ne, kuma da tef ɗin tela ake yin su cikin minti biyu, da kayan sanyin a jiki. A auna wurin da ya fi kauri a gangar jiki, ko ƙirji ne ko ciki ko ƙugu. A auna daga hantsa zuwa ƙasa. A san lambar ƙafa. Na tsakiyan nan shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ke kashe wando. In hantsa ta yi gajarta, duk lokacin da ka ɗaga ƙafa za ka ƙetare gungume ko za ka hau jirgi, ɗinkin wurin ne ke ɗaukar nauyin, wata rana ya buɗe. In ta yi tsawo, ta sauko kusa da gwiwa ta ɗaure maka taku kamar dabaibayi, yadin da ya yi yawa kuma ya riƙa gugar ɗan'uwansa a cikin cinya da gwiwa a kowane taku har ya huje. Malam ya kira wannan awo dabarar 'yan kasuwa. To wa ya fi amfanar ɗan kasuwa, wanda ya auna ya sayi wando ɗaya ya shekara da shekaru da shi, ko wanda nasa ya fara yoyo a kakar farko ya koma kanti?

Da wannan hujjar tattali ta rushe, ba sai na daɗe a kanta ba. Abu ɗaya kawai zan ƙara, kan yaro da aka ce ya girma a ciki. Kayan Sallah in sun yi wa yaro yawa, a naɗe hannu a wuce. Wandon ruwa in ya yi masa yawa, shi ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikin tawagar, mafi gajarta, ruwan da ke ƙugun babansa a ƙirjinsa yake, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin rasa zafi. Akwai na yara a kasuwa, akwai na hannu masu sauƙin kuɗi da wasu yaran suka girme wa. Wanda ba shi da halin saya wa ɗansa daidai shi, ya bar shi a cikin jirgi ko a gaɓa da rigar ceto a jikinsa.

Yanzu ga babbar magana, ta tuɓewa da bel. Ina roƙon mai karatu ya natsu a nan.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jikin ɗan Adam, har shi kansa yakan shiga ruwan ƙanƙara don gwaji. Ya taƙaita sakamakon cikin lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ne ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haki ba da sonsa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin ya shaƙa. Sai wajen minti goma da hannu da ƙafa ke iya aikin kirki kafin sanyi ya kashe su. Sai wajen awa ɗaya kafin mutum ya suma don sanyi, in yana da abin da ke riƙe shi a sama. Malam, a cikin wane mintin ne kake so mutum ya tuɓe wandon? Madaurin kafaɗar yawanci a ƙarƙashin rigar sanyi suke, sai ya fara cire ta. Sai ya lalubi ƙugiyoyin da yatsun da ba sa ji. Sai ya tuɓe wandon daga ƙirji har ƙasa, ya zare ƙafa biyu daga takalmi, duk yana haki, kuma ba ya iyo, don hannuwansa na wani aiki. Abin da a bakin mota, a zaune, a kan busasshiyar ƙasa, wani sai an taya shi ja. Wannan minti goma ita ce dukan jarinsa, kuma shawararka ta ce ya kashe ta a kan abin da da wuya ya yiwu.

Tsoron da ya haifi wannan shawara tsoho ne, wato cewa wando in ya cika da ruwa yana jan mutum ƙasa kamar dutse. Ba haka ba ne. Ruwan da ke cikin wando bai fi ruwan da ke kewaye da shi nauyi ba, ruwa a cikin ruwa ba ya nutsar da kowa. Shahararren mai kamun kifin nan na Amurka, Lee Wulff, daga kan gada ya yi tsalle ya faɗa kogin Battenkill sanye da irin wannan wando, ya yi iyo ya fito, don kawai ya nuna wa mutane haka. Na niyofirin ma taimaka wa mutum yake ya taso sama. Haɗarin na gaske a wuri biyu yake. Na farko, in ruwa na gudu, buɗaɗɗen wando na kama shi kamar yadda buhu ke cika da iska, ya ja mai shi inda ruwan ya nufa. Na biyu, wurin fita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka mai lita 25 ya san nauyinta. To a ce ruwan jarka guda ne ya shiga wandonka, kana son ka haye gefen jirgi ko gaɓa mai santsi da hannuwan da suka fara mutuwa. Wane wando ne ya fi ɗaukar ruwa, wanda ya bi jiki ko wanda aka ƙara wa lamba biyu? Wane ne ya fi saurin cika, mai ɗaure a ƙugu ko mai buɗaɗɗen baki?

Bel ɗin da aka kira tarko shi ne ƙofar da ke tsakanin ruwa da ƙafafu. Ba ya hana ruwa shiga har abada, amma yana jinkirta shi, yana rage yawansa, yana kuma tsare 'yar iskar da ta saura a ciki. Abin da ake koya wa maharba shi ne, in ka faɗa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ka saki abin da ke hannunka ko da bindigar ce, ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwoyi sama, ka jira numfashi ya dawo, sannan ka yi ta tuƙi da hannu zuwa wuri marar zurfi, ka fita da rarrafe, ka zubar da ruwan kafin ka miƙe. A cikin jirgi kuwa rigar ceto a jiki take zama, ba a ƙarƙashin benci ba. Duk wannan yana aiki ne ga mai wando daidai da bel a ɗaure.

Matsayina bai sauya ba: wandon ruwa a auna shi, a gwada shi, kada ya matse, kada ya yi yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je kanti da kayan da za ka sa ranar da ta fi sanyi, ka saka wandon a kansu. Ka tsuguna har ƙasa. Ka durƙusa a gwiwa ɗaya. Ka ɗora ƙafa a kan kujera kamar mai hawa jirgi. Ka zauna. Ka ɗaga hannu kamar mai kai bindiga kafaɗa. In wani wuri ya ja ka, ya yi kaɗan. In dunduniya na fita daga mazauninta, ko hantsa na reto, ko yadi ya taru a idon sawu, ya yi yawa. Mai saye ta intanet ya bi jadawalin awon kamfanin da ya yi wandon, don kowane kamfani da irin yankansa, kuma ya yi duk wannan gwaji a tsakar ɗaki kafin taɓo ya taɓa shi, yadda zai iya mayarwa.

Malam, na san da kyakkyawar niyya ka yi rubutunka, kuma yawancin masu karanta ka sababbin shiga ne, da yawansu ba su iya iyo ba, maganarka za su ɗauka kamar yadda ka faɗe ta. A Minesota ƙarshen Satumba ake buɗe farautar, kuma mutane tun kafin lokacin suke sayen kaya. Ina roƙonka, don Allah, ka janye maganar lamba biyu da maganar bel a fitowa ta gaba, kafin wani ya shiga ruwa da su.